Korar Ma'allam Jilali

Safru, 4 ga Maris

Zuwa ga jikata Gizlan, mai ofis da kujera mai juyawa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'a, ina fata takardar nan ta same ki lafiya kuma cikinki cike, ba kamar hoton da kika aiko ba, wanda na ɗauka tsintsiya aka yafa wa mayafi. Ya Agadir, ya ƙarnin kifi? Kawunki Abdelhak ya ce a kamfanin naku ba kya taɓa kifi, takardun ma'aikata kawai kike riƙewa. Na ce to ga dalilin ramar nan. Ni lafiyata lau, ban da gwiwar hagu da ta riga ni tsufa.

Kada ki tambaye ni me ya hana ni kiranki a waya. Duk sanda na ɗaga waya, sai matar kawunki ta tuna akwai ƙura a jikin ƙofar ɗakina. Kuma shekara uku na yi ina zuwa ajin manya a masallaci, ina zama kan benci kamar 'yar shekara bakwai, ba zan bar wannan wahala ta tafi a banza ba. In kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi ki wuce.

To ga abin da ya hana ni zama. Tanderunmu zai rufe. Rufin nan na ciki, wanda kakanki Si Tahami, Allah ya jiƙansa, yake cewa zai binne mu duka yana tsaye, ya tsage daga baki har ƙurya. Mutanen hukuma sun zo su uku, ɗaya ya leƙa, biyu suka rubuta, suka ce daga ƙarshen watan nan kada a sake hura wuta. Gyara kuwa sai dai a rushe a sake gini, kuma don wa? A da gida sittin ne ke aiko da kwaɓinsu a kan katako kowace safiya. Yanzu kowace amarya da ɗan tanderunta na gas. Gida tara suka rage mana, uku daga ciki don kunya suke aikowa.

Ni tanderun bai dame ni ba. To, ya dame ni, amma Ma'allam Jilali ne a raina. Shekara talatin da huɗu mutumin nan yana tsaye cikin ramin gaban wuta da dogon sheburinsa na katako. Ya san burodin kowane gida daga shaidar yatsan da aka danna a kai, bai taɓa ba wani gida na wani ba. Sai watan Oktoba zai cika sittin ya shiga fansho. Kin kuma san matarsa Mbarka, sau biyu a mako ake kai ta birnin Fas wankin ƙoda, da katin inshorar da kakanki ya yi masa rajista tun da daɗewa, yana yi yana mita.

Jiya na ce masa, "Ma'allam, in wuta ta mutu, ina za ka?"

Ya ce, "Lalla Zuhur, inda hayaƙi ke zuwa."

Na ce, "Hayaƙi ba shi da mata mai zuwa asibiti."

Ya juya ya ci gaba da zura burodinsa. Kin san shi, in bai son magana sai ya ba ka ƙeya, kuma ƙeyar tasa ta fi fuskar iya taurin kai.

Shekaranjiya na ji a rediyo wai majalisa ta gyara dokar waɗanda suka rasa aiki, wai yanzu har ƙananan wurare irin namu masu ma'aikaci ɗaya sun shiga. Mai maganar yana ta zuba kamar ana bin sa da gudu, kafin in sauke tukunya ya koma labarin ƙwallo. Ke da kike cin abinci da takardu, ki rubuto mini a hankali, da manyan haruffa, me ya shafi Jilali a ciki, me ya shafe ni.

Ranar ƙarshe za mu yi masa ajiyar shebur kamar yadda aka yi wa wanda ya gabace shi. Na riga na sa a ajiye mini kaji shida.

Ki ci abinci, ki bar tsallake karin kumallo. Ki gaishe da ƙawarki ta ɗaki.

Kakarki da ta kasa zama wuri ɗaya,
Zuhur


Safru, 3 ga Afrilu

Gizlan hantata,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da mutanen gidanku. Tawa lafiyar kada ki tambaya. Tun shekaranjiya nake kai da kawo tsakanin ɗaki da tsakar gida har kyanwa ta gaji ta bar mini gidan.

Takardarki ta iso tun sha biyu ga watan jiya. Kawunki ya karɓa a gidan waya, ya jefa ta cikin hular jallabiyarsa tare da gyaɗa da hankici, ya rataye jallabiyar a bayan ƙofa. Sai shekaranjiya da za a wanke ta takardar ta faɗo, kwana ɗaya bayan mun gama ɓata komai. Ni na haifi mutumin nan, ba zan iya musu ba, akwai shaidu.

Bari in ba ki yadda aka yi, tunda ba a haife ki ba sanda aka yi na baya. Ranar ƙarshen wata bayan la'asar mutanen unguwa suka cika ƙofar tanderu. Jilali ya fito cikin farar jallabiyarsa ta Idi, ya ɗauko shebur da makulli ya ajiye a gabana, ya ce, "Lalla Zuhur, na ajiye da kaina, ki yafe mini." Ni kuma na faɗi abin da ake faɗa: "Ma'allam, ka zauna, wurin nan naka ne." Ya ce, "Na ajiye." Sau uku ina roƙo, sau uku yana ƙi. Kowa ya san ba tanderun da zai zauna a ciki, ga tsagar nan tana kallonmu, amma haka ake yi, don a ce shi ya bar aiki, ba aikin ne ya bar shi ba. Aka yi Fatiha, mata suka yi guɗa, aka ci kuskus har da waɗanda rabonsu da aiko mana kwaɓi tun shekara goma. Su suka fi kowa kuka, su suka fi kowa cin kaza.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai ya sa hannu a aljihu ya ce zamani ya canza, komai yanzu sai da takarda. Ashe ya je wurin Si Allal, mai rubuta wa mutane takardu a bakin kasuwa, ya rubuta masa takardar murabus, aka kai ta aka buga mata hatimi har biyu. Si Allal ya miƙe ya karanta wa jama'a da muryar huɗuba: "Ni Jilali ɗan Bushta, da hankalina, ba tare da wani ya tilasta ni ba." Na karɓa da hannu biyu. Har sumbatarta na yi, Gizlan. Na sumbace ta!

Yanzu ga taki takardar a cinyata. Bari in maimaita miki ki ga ko na fahimta. Wanda aka sallama ba da son ransa ba, ana ba shi wani abu kowane wata har wata shida, kuma katin asibitin iyalinsa ya ci gaba da aiki. Wata shidan nan su ne za su kai Jilali daidai bakin fanshonsa. Wanda kuwa ya yi murabus da kansa ba shi da komai, katin ma mutuwa zai yi. Mai wurin aiki ya cike fom ya ce shi ya sallama, ma'aikacin ya je da ƙafarsa ya sa hannu, duk cikin kwana sittin. A ƙasa kuma kin rubuta da jan biro, kin ja layi biyu: "Kaka Zuhur, komai za a yi, kada ya yi murabus."

To ya yi, da guɗa da kaji shida.

Na san abin da za ki ce: ki rubuta kin kore shi mana, ai gaskiya ce, wurin ne ya rufe. Ke a Agadir kike. Tun da aka gina unguwar nan, ma'aikacin tanderu ɗaya aka taɓa kora, zamanin surukata, saboda yana tsakurar kwaɓin mutane yana haɗa nasa burodin. Mutumin ya mutu ya zama ƙasa, amma har yau jikokinsa 'yan gidan Matsakuri ake ce musu. A nan in an ce an kori mai tanderu, ba mai tambayar me ya yi, an riga an sani.

Gobe zan je ofishin inshorar da kaina. Kawunki ya ce zai raka ni, na ce ya zauna ya tsare jallabiyarsa.

Ki yi mini addu'a. Kakarki mai sumbatar takardu,
Zuhur


Safru, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Gizlan, Allah ya tsare mini ke.

Bayan gaisuwa, ya jikin naki? Kin ce mura ta kama ki. Ki dafa na'ana'a da zuma, ki bar shan ruwan firij kamar wata baƙuwa. Na gode da saƙon sabulu, ya iso, wannan karon na tsaya a kan kawunki har ya zazzage aljihunsa.

Na je ofishin. Aka ba ni lamba, na zauna tun hantsi har azahar, na miƙe ya fi sau ashirin, har mai gadi ya ce, "Hajja, kujerar da ƙaya ne?" Na ce, "A'a ɗana, ni ce da ƙayar." Aka kai ni wurin wata yarinya mai tabarau, sa'arki, amma ita tana cin abinci. Na ba ta labari daga tsagar rufi har kaji.

Ta ce, "Hajja, takardar murabus ɗin ta shigo nan wurinmu?"

Na ce, "A'a, tana ƙarƙashin katifata."

Ta ce, "To ki bar ta can ta huta. Hukuma ce ta rufe wurin, ga shaida kin kawo. Ba ƙarya za ki rubuta ba."

Ta miƙo fom. A wurin dalili gurbi biyu ne. Na ce, "'Yata, babu na uku da aka rubuta mun rabu da mutunci?" Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce, "Biyu ne, Hajja. Ko ya tafi, ko an sallame shi." Na sa alama a na biyu. Ta ce saura shi ya zo da katin shaidarsa ya sa hannu a ƙasa kafin talatin ga Mayu. In ranar ta wuce, ko ministan ne ƙaninsa ba abin da za a iya.

Washegari na sayi dunƙulen sukari, babba, na tafi gidansa. Ya karɓe ni da girmamawa, Mbarka ta kawo shayi. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen ruwan sama, na yi zancen tsadar zaitun, sannan na fito da fom.

Ya ce, "Karanta mini kalmar da kika sa wa alama."

Na ce, "An sallame shi."

Ya ce, "Wato kora."

Na ce, "Sallama, Ma'allam. Ko baƙo ana sallamarsa."

Ya ce, "Ni ba baƙo ba ne. Shekara talatin da huɗu, ko ƙwayar riɗin wani ba ta taɓa shiga bakina ba. Ran nan kika roƙe ni sau uku gaban mutane, yau in je in sa hannu cewa kin kore ni? 'Ya'yana mata biyu suna gidajen mutane, Lalla."

Na ce, "Wa zai gani? Takarda ce za ta kwanta a aljihun tebur har ɓera ya ci."

Ya ce, "Ni zan gani."

Na ce, "Katin Mbarka fa?"

Ya ce, "Akwai dako a kasuwar Alhamis. Bayana da sauransa."

Dako, Gizlan! Kin san abin da wankin ƙoda ɗaya yake ci in ba kati. Ko ya ɗauki kasuwar duka a ka ba zai kai ba. Mbarka tana tsiyaya shayi, ta cika kofina har ya zube a faranti. Da safe na buɗe ƙofa na tarar da dunƙulen sukarina a bakin dakali, ko takardarsa ba a ɓare ba.

Ranar Litinin na tare Mbarka a tashar tasi za ta Fas. Ƙafafunta sun kumbura har ta taka bayan takalmi. Na ce ta yi masa magana. Ta ce, "Lalla, na yi. Ya ce in na sake zai koma masallaci da zama. Ki bar shi. Zan tambayi likita ko sau ɗaya a mako zai isa." Na ce, "Ke Mbarka, ƙoda ce, ba wankin bargo ba!" Ta yi murmushi, sannan ta faɗi abin da na kasa mantawa har yau. Ta ce, "Ko ya sa hannun, in don ni ya sa, duk sanda ya kalle ni takardar zai gani. Gara ciwon."

Kin ce za ki kira shi a waya ki yi masa bayanin doka. Kada ki ɓata kuɗinki. Ya fahimci dokar sarai, ba a nan ciwon yake ba.

Kullum da safe sai in soke rana ɗaya a kalanda. Na kwance ɗinkin matashin kai biyu na sake ɗinkewa don kawai hannuna ya sami abin yi. Matar kawunki ta ɓoye na ukun.

Ki sha maganinki. Taki,
Zuhur


Safru, 16 ga Mayu

Gizlan,

Ina gaishe ki, ina fata kin warke. Yau gaisuwar gajera ce, ki yi haƙuri. Kafin wani ya riga ni ba ki labari ya ƙara gishiri, gara ki ji daga bakin mai laifin.

Mako uku na yi ina aika mutane. Liman ya je, ya dawo da cikinsa cike da shayi. Surukin Jilali ya je, ya dawo yana goyon bayansa. Makon jiya kuma Mbarka ta fasa zuwa wankin ƙoda sau ɗaya, wai tana gwadawa ta gani. Na gan ta a bakin famfo, fuskarta kamar kwaɓin da ya kwana. A nan na bar roƙo. Na zauna na yi tunani: mutumin nan ba zai sa hannu don tausayi ba, ba zai sa don hankali ba. Amma na san shi shekara talatin da huɗu, na san abu ɗaya da ke sa shi tafiya da sauri.

Jiya Alhamis bayan azahar na ɗauko takardar murabus daga ƙarƙashin katifa, na haɗa da fom, na tafi gidan shayin Hammu. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ƙafar mace a bakin ƙofar nan ba. Jilali yana ciki da Si Allal da mai aski da rabin mazan unguwa, bayan rigarsa duk ƙasar buhun dankali.

Na tsaya na ce, "Jilali!"

Ba Ma'allam, ba komai. Cokula suka tsaya cikin kofuna.

Ya miƙe ya ce, "Lalla Zuhur, lafiya? Mu je gida a yi magana."

Na ce, "Ba gidan da za mu. Wa ya ce maka kai ne za ka bar ni? Ma'aikacina ne kai ko mijina?" Na ɗaga takardar sama kowa ya gani, na yaga ta. Wurin hatimin ya yi tauri sai da na sa haƙori, kuma kin san haƙoran ba nawa ba ne.

Si Allal ya yi tsalle yana cewa, "Hatimi biyu, Hajja! Hatimi biyu!"

Na ce, "Ku shaida, ku duka. Mutumin nan bai taɓa cin ƙwayar kowa ba, bai taɓa ƙona burodin kowa ba, duk wanda ya ce ya yi, ƙarya yake. Amma tanderu ya mutu, ni kuwa ba ni da sauran amfani da shi. Na kore shi. Ni Zuhur matar Tahami na kore shi kamar yadda ake yar da tsohon buhu. Kajin da na yanka muku ran nan ma asara na yi."

Mai aski ya ce, "Hajja, ji tsoron Allah!"

Hammu ya ce, "Shekara talatin da huɗu! Wannan ne sakayyar?"

Na jefa fom ɗin kan teburin Jilali, ya faɗa cikin ruwan shayi, na ce, "Ga takardar korarka. Gwamnati ta ce korarre yana da haƙƙi. Na san ba za ka je ba. Ka saba a ci ƙarfinka ka ce an gode."

Gizlan, wurin ya kama da hayaniya. Wannan yana cewa, "Je ka, Ma'allam, a rubuta sunanta a ofis a san abin da ta yi!" Wancan yana cewa, "Mu ne shaidunka!" Si Allal yana tsintar guntayen takardarsa a ƙasa yana rantsuwa zai raka shi kyauta, mutumin da ko gaisuwa ba ya bayarwa kyauta. Su a ganinsu ƙarata za a kai. Na bar su a haka.

Jilali kuwa yana nan tsaye. Ya kalle ni. Can ya ce, a hankali, "Lalla Zuhur, da Si Tahami yana raye..."

Na ce, "Ba ya raye."

Wannan ce kaɗai ban shirya ba, da kanta ta fito. Na ga ta shige shi. Ya sunkuya ya ɗauki fom ɗin, ya goge shayin da hannun riga, ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu.

Ban san yadda na kai gida ba. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa a bayanta, ga ɗanɗanon tawadar hatimi a bakina. Kawunki ya shigo yana cewa na zubar mana da mutunci a gari. Na ce ai nawa ne, ni na tara shi, ni zan san inda zan kashe shi.

Yau da safe na hau soro wai shanya, na hango su su biyar suna shiga tasi, shi a gaba cikin farar jallabiya. Sun dawo kafin Juma'a. Ko ya sa hannu, ko ya je bakin tebur ya juyo, ban sani ba, kuma ba mai faɗa mini, don tun jiya ba wanda ya amsa sallamata. Na hau soron nan sau bakwai yau. Gwiwar ta ce in gaishe ki.

In kin ga na yi kuskure ki faɗa mini, amma da ƙananan haruffa.

Kakarki,
Zuhur


Safru, 9 ga Yuni

Zuwa ga jikata Gizlan, wadda ta yi mini faɗa shafi biyu sannan ta sa turare a ambulan.

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kina lafiya. Mu nan lafiya, ɗan itacen ceri ya nuna, ya yi araha, ba mai aiko mini ko ɗan kwano kamar kowace shekara, da kuɗina nake saya.

Ya sa hannu. An sabunta katin, Mbarka ta koma sau biyu a mako. Ba wanda ya faɗa mini, a gidan wankan matan unguwa na sani. Na shiga na ajiye bokitina, matan da ke kusa suka ja nasu suka matsa, har na sami filin da ban taɓa samu ba tun ina amarya. Mbarka tana can gefe cikin mutane, ba ta kalle ni ba. Da za ta fita ta bi ta bayana kamar santsi ya ja ta, ta dafa kafaɗata ta matse, ta ce a kunnena, "Litinin da Alhamis." Ta wuce. Na zuba ruwa a kaina na daɗe ina zubawa.

A unguwa yanzu Jilali ne mutumin kirkin da aka zalunta. Ana ba shi kujerar gaba a gidan shayi, mai aski ya ƙi karɓar kuɗinsa. Surukan 'ya'yansa sun zo jaje da sukari. Ni kuma an sa mini suna, ba zan rubuta miki ba, amma ya dace da ni, har na fara sabawa.

Kin tambaya ko ya gane. Ban sani ba, Gizlan. Wani lokaci in ce ya gane tun a wurin, wani lokaci in tuna fuskarsa sanda na yi maganar kakanki, in ce ko ya gane ba zai yafe ba. In mun haɗu a lungu sai ya kalli sama kamar yana neman wata.

Shekaranjiya matar kawunki ta tafi gidansu, na ce bari in gwada tanderun gas ɗinta. Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa gasa burodi da hannuna ba, kwaɓawa kawai na iya. Na zura shi na rufe, na tsaya ina kallon abin kamar talabijin. Can hayaƙi ya fara fita ta tagar kicin da ke kallon lungu. Sai na ji takun mutum ya tsaya a waje.

Na ji an yi gyaran murya, an ce, "Kai bango, ka faɗa wa masu gidan nan wutar ƙasa ta yi yawa. A juya shi kafin ya zama gawayi."

Na ce, "Bango, ka ce masa ba a tambayi korarru ba."

Sannan ya ce, "Bango, ka ce mata hannunta da nauyi a gishiri ma. Shekara talatin da huɗu ina jin kunyar faɗa."

Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba. Amma bai tafi ba sai da ya ji na buɗe murfin na juya burodin.

Ya ƙone duk da haka. Na kankare baƙin na ci da man zaitun, kuma gishirin daidai yake, ƙarya yake yi.

Ki zo da hutu ki ci naki rabon gawayin. Allah ya yi miki albarka.

Kakarki,
Zuhur matar Tahami